Shugabanci Da Kashe Wutar Yaƙi: Darasi Daga Kano Zuwa Yamai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa. 

Bayan haka, Suratul Hujurati ta ɗora wa al'umma sasanta ɓangarori biyu na muminai in sun yi faɗa, kuma shugabannin ƙasa ne farkon waɗanda wannan nauyi ya hau. Fiyayyen halitta (S.A.W.) ya karɓi sharuɗɗan Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira, duk da sun yi wa sahabbai nauyi. Jikansa Sayyadi Hasan (R.A.) ya sauka daga halifanci a shekara ta 41 domin kare jinin Musulmi.

Kano ta ga irin wannan aiki. A watan Maris na 1979, lokacin da yaƙin basasa ya ci birnin Njamena, gwamnatin Janar Obasanjo ta tara Shugaba Felix Malloum, da Hissene Habre, da Goukouni Oueddei a wannan gari, aka ƙulla Yarjejeniyar Kano, Nijeriya kuma ta aika sojan kiyaye zaman lafiya. An sake ƙulla wata a Legas cikin Agustan wannan shekara. Amma a Maris na 1980 wuta ta sake tashi, har Habre ya ƙwace mulki a Yunin 1982. Hannuwa sun sa hannu, zukata ba su sa ba. Kowane madugu kujerar yake so, ba a sami mai halin Sayyadi Hasan a cikinsu ba. Wannan ita ce cutar son shugabanci, wadda malaman tasawwufi suka daɗe suna faɗakarwa cewa tana cikin mafi wuyar fita daga zuciya.

Jarrabawa ta biyu ta zo ranar 26 ga Yuli, 2023, da soja suka kifar da Shugaba Bazoum a Nijar. Ƙungiyar ECOWAS, ƙarƙashin jagorancin Shugaba Tinubu, ta ba da wa'adin kwana 7, tare da barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Manyan motocin da ke ɗaukar robobi da tabarmi da sabulu daga masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai zuwa Maraɗi da Damagaram suka tsaya cik, lebura da direba da ɗan dako suka ji a tukunyarsu.

A nan ne masu rawani suka miƙe. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi. Sarkin Musulmi da Janar Abdussalami Abubakar suka je Yamai. Halifan Tijjaniyya, Muhammadu Sanusi na II, ya gana da Janar Tiani ranar 9 ga Agusta, sannan ayarin malamai na ɗariƙa da na Izala ya biyo baya. Wannan kai-komo bai mayar da Bazoum kan mulki ba, bai kuma hana Nijar ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025 ba. Amma Bakatsine bai harbi Bamaraɗe ba, kuma Nijeriya ta buɗe iyakarta a Maris na 2024.

Darasi guda uku ne. Na ɗaya, shugaba ya saurari malamai da sarakuna kafin ya saurari masu bindiga. Na biyu, takarda ba ta riƙe sulhu sai an tsarkake zuciya, kuma wannan aikin zawiyya ne. Na uku, talaka ne ke biyan kuɗin yaƙi tun kafin a harba harsashin farko. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah Ya shiryar da shugabanni, Ya zaunar da Nijeriya da Nijar da Chadi lafiya, albarkacin Annabin rahama (S.A.W.). Amin.