Jawabin Yaye Matasan da Suka Koyi Aikin Tassa da Rabin Wata



Duk wanda ya yi wayo kafin farin 1973 da na 1984 ya ga rumbuna wayam da idonsa. To amma ko a shekarar da damina ta yi rowa, akan yi ruwa ɗaya ko biyu mai ƙarfi. Sai ya sauka kan fako, ƙasar da ta yi tauri kamar daɓe, ya gangara kwari a guje, ya kwashe ɗan takin da ya tarar. Kafin rana ta take, gona ta bushe kamar ba a yi ba. Tare ruwan nan a inda ya sauka shi ne sana'ar da ku, 'ya'yanmu da ake yayewa yau, kuka koya.

A 1989 wasu manoman Illela, a nan jihar Tawa, suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga ramukan da mutanen can ke kira zai, mu kuma muke ce wa tassa. Gani ya kori ji. Da dawowarsu suka sa diga a fako. Daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, amma hatsin da ke cikin ramuka ya fid da kai. Ba a daɗe ba, filin da a da ko kyauta ba a karɓa ya zama sai da kuɗi.

Kun san ƙa'ida: a haƙa tun da rani, a tara ƙasar ramin a gefen gangare, a zuba taki cikin tafi biyu. Gara za ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya bi hanyarta ya nutse. Rabin wata kuwa, wato ramin da ake haƙa da siffar rabin wata, bakinsa ya fuskanci inda ruwa ke fitowa. In an juya shi, an yi aikin banza.

'Ya'yana, haƙa cikin zafin Afrilu ba wasa ba ne. Hannu zai yi kanta, wasu ma za su yi muku dariya. Ku fara da gonar gidanku, maƙwabci ya leƙo da kaka ya ƙirga dammuna da kansa. Ku kuma iyaye, duk mai fakon da ya yi watsi da shi, ya ba yaran nan su gwada.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa ruwan ya tarar da ramukanmu a shirye.