Kuɗin Tara da Tarbiyyar Hannu

Jawabin da aka gabatar a gaban malaman firamare a Tsiga, Ƙaramar Hukumar Bakori

 

An ɗora mini in yi magana a kan wani ƙaramin abu da ke wucewa ta gabanmu kullum, wato kuɗin tara. Ina nufin naira 20 ko 50 ko 100 ɗin nan da uba kan miƙa wa ɗansa a bakin zaure, ko uwa ta kunto daga bakin zane, don yaro ya sayi ƙosai ko awara ko rake idan an fito tara. Tambayoyi biyu ne a gabanmu. Shin ya dace mu koya wa yara ƙanana su riƙa cire wani abu daga wannan kuɗi su bai wa mabukaci? In ya dace, wace hanya za mu bi har mu yi shi ba tare da mun cuci kowa ba?

Da farko, mu tuna cewa wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Duk wanda ya riƙe allo a cikinmu ya san kuɗin Laraba, wanda yaro kan kai wa malaminsa da hannunsa kafin a tashi hutun Alhamis da Juma'a. Ya ga mahaifinsa a daren sallah yana auna zakkar fid da kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum na gidan, har da jariri. Mu da muke ƙasar noma, daga Funtuwa zuwa Malumfashi, mun tashi muna ganin yadda ake yi da kaka: idan hatsi ya kai nisabi, dami goma a fid da ɗaya in ruwan sama ne ya shayar da shi, rabin haka in da wahalar ban-ruwa aka noma shi. Mun ci waina da gumbar sadaka ranar Juma'a. 'Yan'uwanmu Kiristoci na wannan yanki su ma sukan danƙa wa yaro abin baiko ranar Lahadi don ya jefa da kansa. Ashe iyayenmu sun daɗe da gane cewa hannu ma yana buƙatar karatu, kamar yadda baki da ido suke buƙata.

Amma a lura da wani bambanci. A duk waɗannan misalai, yaro ɗan aike ne ko ɗan kallo. Dukiyar ta babba ce, niyyar ma ta babba ce. Kuɗin tara kuwa shi ne abu na farko da yaro yake kira nasa. Idan ya cire naira 10 daga cikinsa, ƙosansa ne ya ragu, cikinsa ne zai ji. A nan ake fara sanin mene ne kyauta, domin wanda bai taɓa rasa komai saboda wani ba, bai san nauyinta ba tukuna. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Magidancin da muke fata ya fid da zakkar masararsa ba tare da an bi shi da wa'azi ba, yau yana zaune a gabanmu a aji biyu.

Masu nazarin halayyar yara sun ga abin da ya yi daidai da wannan. A shekarar 2012, wasu masu bincike a Jami'ar British Columbia da ke Kanada sun gwada yara 'yan ƙasa da shekara 2. Sun ga fuskar yaro ta fi nuna farin ciki lokacin da ya bayar daga abin ƙwalamar da aka mallaka masa, fiye da lokacin da aka ba shi, har ma fiye da lokacin da ya miƙa wanda ba nasa ba. Kafin nan, a 2008, wani bincike a birnin Leipzig na Jamus ya nuna cewa yara 'yan wata 20 da aka riƙa ba su tukuici duk lokacin da suka yi taimako, daga baya taimakonsu ya ragu, alhali waɗanda aka yaba musu da baki kawai sun ci gaba da yi. Darasin a fili yake: son alheri yana nan a zuciyar yaro, aikinmu shi ne mu raya shi, kada mu mai da shi ciniki.

To, yanzu in zo ga inda haɗarin yake, domin abin da ya fi damuna ke nan.

Haɗari na farko shi ne ajinmu ba na masu hali ɗaya ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda farashin abinci da taki da kuɗin mota suka yi. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta raba iyalai da ƙauyukansu da gonakinsu a kudancin Katsina, ta bar mana marayu da baƙin yara a azuzuwa. A benci guda za ka sami mai naira 100 da wanda ko koko bai sha ba ya fito. Idan malam ya tsaya gaban allo ya ce kowa ya kawo nasa, yana kiran suna, to ya koya wa ɗaya alfahari, ya koya wa ɗayan jin kunyar talaucin ubansa. Yaron da aka kunyata sau biyu ko uku, ranar tara kuɗi zai fara fashi, daga fashin rana ɗaya kuma sai a nemi yaro a rasa. Wani kuma zai sa hannu a gwangwanin cinikin uwarsa don kada a yi masa dariya, mu wayi gari mun koyar da sata da sunan sadaka.

Na biyu, ba duk kuɗin da ke hannun yaro ne nasa ba. Yarinyar da ta zo da farantin talla, abin da ke ɗaure a bakin gyalenta jarin uwarta ne. Malaman fiƙihu ma sun bayyana cewa yaron da bai balaga ba ba shi da cikakken ikon sarrafa dukiya, yana ƙarƙashin kulawar waliyyinsa. Saboda haka duk abin da za mu yi, sai da sani da yardar iyaye.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare a makarantun gwamnati kyauta ne, kuma karɓar kuɗi a kansa laifi ne. Sadakar da aka tilasta ta zama haraji, ko da wane suna aka kira ta. Kuma mun san yadda maganar kuɗi take saurin ɓata sunan malami a gari. Ya isa wata uwa ta ce malamai na cinye kuɗin tarar yara, kafin la'asar zancen ya kai kasuwa. Mutuncin da ƙungiyarmu ta NUT take karewa tun kafuwarta a 1931 ya fi ƙarfin mu sayar da shi a kan 'yan canji.

Ganin haka, ga shawarwarin da nake kawowa, reshe ya duba ya gyara.

A fara kai maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta. In sun amince, a faɗa wa iyaye da baki ƙarara cewa ganin dama ne, ba a yanka wa kowa ko sisi ba, kuma ba a rubuta suna.

Sannan a samo asusun ƙasa irin na gargajiya, wanda ba a buɗe shi sai an fasa. A ajiye shi a bayan aji rana ɗaya a mako, kada a sa shi kan teburin malam. Wanda ya so ya jefa lokacin tara, ba mai kallonsa. Addininmu ya fifita sadakar da aka ɓoye, kuma ya koyar da cewa ko tsagin dabino ba abin rainawa ba ne. A gaya wa yara sarai cewa wanda bai karya kumallo ba, ya ci kuɗinsa, shi ne daidai.

A buɗe ƙofa ga abin da ba kuɗi ba, don yaron da ba ya zuwa da ko kwabo ya sami rabonsa na bayarwa. Da kaka yaranmu sukan je kala a gonakin masara da waken soya da auduga. Wanda ya kawo zangarniya biyu ko cikin tafi na wake daga kalarsa ya yi kyauta cikakkiya. Wanda ya ɗebo wa tsohuwar unguwa ruwa, ko ya kwafa wa ɗan ajinsu marar lafiya darasin da ya wuce shi, ko ya raba fensirinsa biyu, shi ma a lissafa masa. Gayya ce muke koya musu a ƙaramin sikeli.

Idan zango ya ƙare, a fasa asusun a gaban yara da wakilin iyaye, su ƙirga da kansu, a rubuta jimla a allo. Wannan darasin lissafi ne da ya fi na littafi. A ce yara 30 ne suka riƙa jefa naira 20 kowane mako har mako 12, naira 7,200 ke nan. Ba za ta gina aji ba, amma za ta sayi littattafan rubutu da fensira ga yara da dama. Su yaran a bar su su tattauna inda za a kai: marayu ne, ko majinyaci, ko almajiran tsangayar da ke kusa. Yaron da aka nemi shawararsa yana koyon duban halin na kusa da shi, kuma wannan ya fi kuɗin daraja.

Kada malami ɗaya ya riƙe kuɗin ko na dare guda. A kashe shi a ranar, ko a danƙa wa ma'ajin iyaye da shaidu.

In wanda za a taimaka ɗan makarantar ne, a kai gidansu a asirce ta hannun shugaban makaranta ko wata dattijuwa. Kada a tsayar da maraya a filin taron safe a ɗauki hotonsa a sa a Facebook. Kyautar da ta zubar da mutuncin mai karɓa ta ɓata ladanta tun a hanya.

Kuma kada a ba da lambar yabo ga wanda ya fi bayarwa, kada a sa gasa tsakanin azuzuwa, balle a ɗaga bulala. Madalla da addu'a sun wadatar, kuma a yi wa ajin gaba ɗaya.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, yaro ya fi koyo daga abin da ya gani a kan abin da ya ji. Na san halin albashinmu, na san yawancinmu sai mun haɗa da gona kafin wata ya kai. Duk da haka, a kusan kowace makaranta akwai malamar da ke saya wa wani yaro ƙosai ba wanda ya sani, da malamin da ya ɗinka wa maraya rigar makaranta ya yi shiru. Yara suna gani, ko ba su faɗa ba. Malamin da ya fara jefa tasa naira 50 a asusun, wanda ba ya korar almajiri da tsawa a ƙofar aji, ya riga ya koyar da rabin darasin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ina roƙon reshe ya zaɓi makarantu biyu ko uku da shugabanninsu suka yarda, a gwada wannan tsari na zango ɗaya, sannan su dawo su gaya mana gaskiyar abin da suka gani, daɗinsa da ɗacinsa. In an ga yana korar yaro ko ɗaya daga aji, a dakatar a gyara, domin zaman yaron a makaranta ya fi abin da ke cikin asusun.

Allah Ya shirya mana yaranmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da gonakinmu, Ya sa albarka a ɗan abin da muke samu.