Cike Giɓin Ƙashi

Yau maganarmu a kan karaya ce.

Ƙashi abu ne mai rai. In ya karye, aka haɗa bakinsa biyu aka ɗaure, da kansa ya kan ɗinke cikin mako 6 zuwa 12. Amma wani lokaci mota ta kan ragargaza shi, ko ruɓa ta cinye wani yanki, a bar giɓi. Nan ɗori kaɗai ba ya isa, don baki bai iske baki ba.

To, sai likita ya cike giɓin. Mafi kyau ya ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugun majinyacin, amma rauni na biyu ke nan. Saboda haka aka ƙera abin ciko. Tun 1892 wani likita a Jamus ya gwada da farin garin nan da muke ɗaure karaya da shi. Yanzu akwai na kalsiyam da fosfet, watau ma'adinan da ke cikin ƙashinmu. Yana da ƙofofi kamar soso. Jijiyoyin jini su shiga, sabon ƙashi ya bi su, kamar yadda kabewa ke bin danga.

Amma ku ji da kyau: ciko ba ya kamawa inda akwai mugunya. In ƙashi ya huda fata, kada a shafa masa kome. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a tallafe da kara, a kawo mutumin asibiti ran nan, kada a kwana.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.