Ƙumar da ke cikin salularka: yadda ake ƙera ta, da yadda ake gwada ta kafin ta iso kasuwa

Taƙaitaccen jawabin filinmu na kimiyya da sana'a, domin waɗanda shirin ya wuce su

 

Yau maganarmu a kan wani ɗan abu ne baƙi, wanda sau da yawa bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Turawan Ingila suna ce masa cip. Faransawa kuwa da sunan ƙuma suke kiransa saboda ƙanƙantarsa, shi ya sa a Nijar sunan ya bi layin waya. Masu gyaran salula su kuma aisi suke cewa. Yana cikin wayarka, yana cikin rediyon da kake rataye da shi, da katin memori, da katin banki, da na'urar da ke daidaita cajin sola. In ya mutu, kuɗinka sun bi ruwa. To ashe ya kamata mu san inda yake fitowa, da abin da ya raba mai kyau da na jabu.

Mene ne a cikinsa

Ba komai ba ne a ciki illa makunnai, irin na kunna fitila da kashewa, sai dai wuta ce ke kunna su, ba yatsa ba. Sunan kowane ɗaya taransisto. An ƙirƙiro shi a watan Disamba na 1947 a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka. A 1958 wani injiniya mai suna Jack Kilby ya haɗa sassan lantarki da yawa a kan ɓallin abu guda, a 1959 kuma Robert Noyce ya fito da hanyar yin haka a kan silikon, wadda ita ce duniya ta bi. Cip ɗin lissafi na farko da kamfanin Intel ya sayar a 1971 makunnai 2,300 ne a cikinsa. Na manyan wayoyin yanzu ya haura biliyan 15. Kun ji fa, biliyan, a fili kamar na farce.

Daga dutse zuwa faifai

Silikon daga farin dutse mai ƙyalli ake fitar da shi, dangin yashi. Ana tace shi har sai ya zama a cikin ƙwayoyi biliyan da ƙyar a samu baƙuwa ɗaya. Sai a narka shi a zafin da ya haura digiri 1,400, a tsoma ɗan tsinken silikon mai tsabta a ciki, a riƙa juya shi ana ja sama sannu a hankali. Narkakken yana bin tsinken yana daskarewa, har a fito da dunƙule mai kama da turmi, tsawonsa ya kai na mutum. Wannan dabara ta wani ɗan ƙasar Folan ce, Jan Czochralski, tun 1916. Ana ba da labarin cewa alƙalaminsa ya tsoma cikin narkakkiyar kuza maimakon tawada, da ya ja sai ya ga zaren ƙarfe ya biyo shi.

Dunƙulen nan ake yankawa fale-fale a goge. Kowane yanki faɗinsa santimita 30, kusan faifan rufe ƙwarya. A kan faifai ɗaya ake gina cip ɗaruruwa a lokaci guda, in ƙanana ne ma dubbai.

Zane da haske

Nan ne gwanintar take. Kun san yadda mata ke ƙunshi da salatif: inda aka manna, lalle ba ya kamawa, in an ɓare sai zane ya fito. To haka ake yi wa faifan. Ana shafe shi da wani sinadari mai jin haske, a haska shi ta cikin allon da ke ɗauke da zanen. Inda haske ya taɓa sai sinadarin ya canza, a wanke, a zaizaye wurin da ya buɗe ko a cusa masa wani sinadari, ko a shimfiɗa siririn ƙarfe. A sake shafawa, a sake haskawa, hawa kan hawa sau gommai. Kafin faifai ɗaya ya gama yakan bi matakai ɗaruruwa, ya ɗauki kamar wata uku.

Iya sirantar haske, iya sirantar zanen. Na'urar da ta fi kowace a yau kamfani ɗaya ne tak a duniya ke yin ta, ASML na ƙasar Holan. Girmanta ya kai babbar motar safa, nauyinta kusan tan 180, kuɗinta ya haura dala miliyan 150. A cikinta ana sako ɗigon narkakkiyar kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙa a Jos, sau 50,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kowane ɗigo ana harbinsa da hasken leza har ya fashe ya fitar da wani haske da ido ba ya gani. Tsawon zangon hasken nanomita 13.5 ne, wato kamar a tsaga silin gashin kai gida 5,000 a ɗauki ɗaya. Gilashi shanye wannan haske yake yi, iska ma haka, don haka sai an zuƙe iskar cikin na'urar, a riƙa juya hasken da madubai na musamman da kamfanin Zeiss na Jamus ke gogewa. A 2019 aka fara fitar da cip na sayarwa da ita.

A irin wannan aiki, wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta sauka kan faifai, cip ɗin da ke wurin ya tashi daga aiki. Maganin wannan wani Ba'amurke ne, Willis Whitfield, ya samo shi a 1960: ɗaki wanda tatacciyar iska ke ratsa shi ta fuska ɗaya ba tsayawa, tana kwashe ƙura tana fita da ita. Ma'aikata kuwa a rufe suke ruf daga kai har ƙafa, don a kare kayan daga gashinsu da numfashinsu.

Gwaji, inda ake raba aya da tsakuwa

Duk da wannan tsabta, ba a taɓa samun kowane cip a kan faifai ya fito lafiya. Shi ya sa gwaji ya zama sana'a mai zaman kanta.

Gwajin farko tun kafin a yanka faifan ake yi. Akwai wani allo mai ɗauke da allurai sirara fiye da gashi, ɗaruruwa ko dubbai. Allurai su sauka kan cip, a tura masa wuta da tambayoyi, a duba amsarsa, a matsa zuwa na gaba. A da wanda ya faɗi ɗigon tawada ake sa masa, kamar yadda ake shafa wa dabbar da aka sayar fenti a kara. Yanzu kwamfuta ce ke riƙe taswirar masu kyau da marasa kyau. Na'urar gwajin cip ta farko da kwamfuta ke sarrafawa kamfanin Teradyne na birnin Boston ne ya fito da ita a 1966. Har yau shi da Advantest na Japan ne ke kan gaba a wannan fanni.

Sai dai akwai matsala. Makunnai biliyoyi ne a ciki, ƙafafun da ake iya taɓawa daga waje kuwa ba su taka kara sun karya ba. Yaya za a san lafiyar na can tsakiya? A shekarun 1970 injiniyoyi, musamman na kamfanin IBM, suka fito da dabarar gina hanyar bincike a cikin cip ɗin tun wajen zana shi. In an sa shi a yanayin gwaji, sassan cikinsa sai su jeru layi ɗaya kamar shanu a burtali, a tura saƙo ta wannan baki a karɓa ta wancan, a ga inda ya karkace. A 1990 aka amince da wata ƙa'ida ta bai ɗaya mai kama da wannan, ana kiranta JTAG. Wasu akwatunan da masu gyara ke farfaɗo da matacciyar waya da su, ta wannan ƙofa suke shiga.

Bayan an yanka faifan, an rufe kowane cip cikin baƙin gidansa, aikin da aka fi yi a Taiwan da Sin da Maleshiya, sai a sake gwadawa. Waɗanda za a sa a wurin da kuskure ke da tsada, kamar mota ko na'urar asibiti, akan yi musu gwajin gashi. Makiyayi zai gane wannan da sauri. Maraƙin da aka haifa da rauni, yawanci ranin farko ne ke kayar da shi, wanda ya tsallake kuwa ana sa ran zai daɗe. Cip ma mai ɓoyayyen lahani da wuri yake mutuwa. Don haka ake sa su cikin tanda mai zafin kamar digiri 125, a ƙara musu ƙarfin wuta, a bar su suna aiki na sa'o'i, don raunanan su mutu a masana'anta maimakon a hannun mai saye.

Daga nan sai rabon daraja. Cip biyu daga faifai ɗaya, wani ya fi wani sauri, wani kuma wani sashe nasa bai yi ba amma sauran lafiya lau. Ba a zubar da shi. Ana rufe sashen da ya lalace a sayar da shi da wani suna a farashi mai sauƙi, kamar yadda ake ware albasar Galmi manya daban, ƙanana daban. Wannan halal ne, tun da an faɗi abin da ke ciki.

Wani lokaci kuma kuskuren a zanen yake, kowane cip ya fito da shi iri ɗaya. A 1994 wani malamin lissafi a Amurka, Thomas Nicely, ya gano cewa cip ɗin Pentium na Intel yana ba da amsa ba daidai ba a wasu lissafin rabawa. Sai da kamfanin ya ware dala miliyan 475 don musanya wa mutane.

Abin da ya shafe mu

Na farko, katin memori da filashi. Ƴan damfara sukan ɗauki ƙaramin cip, ko wanda aka ƙi a gwaji, su sauya bayanin da yake ba waya. Kati mai cin giga 8 sai ya nuna 64. Da farko komai lafiya. Ran da ya cika ainihin cikinsa, sabon abin da ka zuba ko dai ya hau kan tsoho ya shafe, ko ya ɓace, wayar kuma tana nuna maka sunansa kamar yana nan. Hotunan rasit, muryoyin da aka aiko na cinikin bashi, duk su tafi. Alhaji, kafin ka biya kuɗin katan, kada ka yi cinikin biri a sama. Zari biyu ko uku da hannunka daga tsakiya, a cika su taf da bidiyo, a cire a mayar, sannan a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Masu kwamfuta suna da manhajar kyauta mai suna H2testw da ke yin wannan aiki. In farashi ya faɗi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, a tuna araha ba ta ado.

Na biyu, zafi. Cip na kayan gida yawanci an tabbatar da shi ne daga digiri 0 zuwa 70, na mota kuwa akan kai shi 125. Batir ma ya fi cip rashin juriya. Saboda haka in kana caji da sola, faranti a rana, waya a inuwa. Kada a ajiye ta kan farantin, ko gaban gilashin mota a watan Afrilu.

Na uku, ƴan kunnen shanu masu cip. Ba su da batir. Sai an kawo na'urar karantawa kusa da dabbar, ita ce ke ba cip ɗin ƴar wutar da zai faɗi lambarsa mai alƙaluma 15. Ƙasar Botsuwana ta fara sa wa shanunta shaida mai irin wannan cip tun farkon shekarun 2000, don ta ci gaba da sayar da nama a Turai. Amfaninsa shi ne tabbatar da mai dabba da tarihin rigakafinta. Amma a ji da kyau: ba ya nuna inda saniya take in an kora ta daji. Mai yin wannan aiki wata na'ura ce daban, mai batir da layin waya ko tauraron ɗan adam, kuma ta fi tsada sosai. Duk wanda ya ce ɗan kunne maras batir zai nemo maka satacciyar saniya, riƙe kuɗinka.

Na ƙarshe, farashi. Mafi yawan cip masu zane mafi siranta a Taiwan ake yin su, a kamfanin TSMC da Morris Chang ya kafa a 1987, sai Samsung na Koriya ta Kudu. Wankin faifai kuwa yana cin ruwa mai yawan gaske. A 2021 Taiwan ta shiga farin da ba ta ga irinsa ba fiye da shekara 50. Gwamnati ta tsayar da ban ruwa ga manoman shinkafa a wasu yankuna ta biya su diyya, masana'antu kuma suka koma sayen ruwa a tankoki. A shekarar ce ƙarancin cip ya tsayar da masana'antun motoci a ƙasashe da dama. Kun ga ke nan rigimar wa zai fara sha, wadda muka sani a bakin rijiya, can ma tana nan. In kun ji labarin fari ko tashin hankali a wancan yanki, mai kayan waya a shago ya sa ido kan farashi.

Masu tambaya su aiko ta lambar da muke karantawa a ƙarshen shiri, za mu amsa a fili na gaba in Allah ya kai mu. A sauka lafiya, a yi kiwo lafiya.