Yaron da ke buga wa Sokoto United, wa ke kallonsa?

Duk wanda ya taɓa zama a filin wasa na Giginya da la'asar a watan Afrilu ya san abin da nake nufi. Zafi ya haura digiri 40, amma matashin ɗan wasan Sokoto United yana zuba gudu har busan ƙarshe. Wannan juriya ba a makaranta ya koye ta ba. A filayen rairayi na unguwa ya taso, inda ƙwallo ba ta gangarawa yadda ake so, dole ƙafa ta koyi tarewa da sauri. Ni dai a nan nake ganin ƙarfinsa.

Abin da ke damuna shi ne rashin ido a kansa. A Amurka, matashin da ke jifa a ƙananan gasannin besbol, kowace jifarsa na'ura na auna saurinta, ana ajiye hoton bidiyo, manyan ƙungiyoyi na bibiya har ya hau mataki na gaba. Namu fa? Yana gasar NNL, mataki ɗaya kacal ƙasa da babbar gasar ƙasa, amma wasanninsa da yawa sai wanda ya je filin ke gani.

Hanyar kuwa a buɗe take. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars, a 2010 sai ga shi a VVV-Venlo ta Holan. An gan shi ne, shi ya sa. Don haka ina roƙon mahukuntan wasanni na jiha: a sa kyamara a Giginya kowane wasa, a riƙa rubuta alƙaluman kowane yaro.