MAI CIWON HUHU, KWANCIYA KO TASHI?



Maganarmu ta yau a kan mai ciwo ce. Watakila kai ne. Watakila kuwa maƙwabcinka ne, wanda rumfarsa ta daɗe a rufe. Tari ya ƙi ƙarewa, ya rame, likita ya ɗauki hoton ƙirjinsa, ya ce ciwon daji ne a huhu, har ya yi nisa. Taba sigari ce ta fi kawo wannan ciwo, ko da ya ke ya kan kama wanda bai taɓa shanta ba. An soma magani. Maganin kuwa mai ƙarfi ne, ya kan kawo wata irin gajiya wadda barci ba ya raba mutum da ita.

To, me mu kan yi? Mu kan shimfiɗa ma sa tabarma, mu ce kada ya motsa. Don ƙauna mu ke yi, amma ɗan dako ya san abin da kwanciyar mako biyu ta ke yi wa gwiwa. Naman jikin da ba ya aiki zubewa ya ke yi, har tafiya zuwa bakin zaure ta zama da haki. A 2010 masana motsa jiki da likitoci a Amurka suka ce masu ciwon daji su guji zama wuri ɗaya. A 2019 suka ƙara tabbatar da cewa motsa jiki yana rage wannan gajiya, yana rage damuwar zuciya kuma.

Akwai wata mace a Ingila, sunanta Jane Tomlinson. Nata ciwon a mama ya soma, a shekara ta 2000 aka gaya ma ta ya bazu, ba shi warkuwa. Ba ta kwanta ba. A 2002 ta yi tseren gudu na Landan, mil 26 da ɗoriya, a 2006 kuma ta ratsa ƙasar Amurka a kan keke daga wannan teku zuwa wancan, duk a cikin shekarun da ta ke karɓar magani.

Kada ka ce na ce ka tashi ka yi mil 26. Huhun da ciwo ya ci ba na wasa ba ne. Ka tambayi likitanka tukuna. In ciwon ya shiga ƙashi, tsalle da ɗaukar kaya suna iya karya shi. Ranar zazzaɓi, ko tarin jini, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ka tsaya, a gaya wa likita. Sauran ranaku ka yi tafiya daidai yadda za ka iya magana kana tafe.

Amma ka ji sauran labarin. Jane Tomlinson ta rasu a 2007, tana da shekara 43. Gudu ya ba ta ƙarfi, bai hana ta mutuwa ba. Manzo Bulus bai rena wahalar da jiki don ya yi ƙarfi ba, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti ya yarda tana da amfani, sai dai amfaninta a duniyan nan ya tsaya. Kai fa, ranar da ƙafa ta ƙi, wa za ka dogara gare shi?

Yesu Almasihu ya san ƙuncin numfashi, gama wanda aka gicciye da ƙyar ya ke jan iska. Haka ya sha saboda zunubanmu, ya mutu, a rana ta uku ya tashi. Ba sai ka warke za ka zo wurinsa ba. Ka kira shi daga kan tabarmar, ko da muryarka ba ta fita.

Kai kuma mai lafiya, in an tashi kasuwa yau, ka bi ta gidan maƙwabcin nan naka. In likita ya yarda, ka kama hannunsa, ku taka zuwa bakin zaure ku komo. Ka bar tabarka a aljihu.