Da Ruwan Wa Za A Ci Gaba?



Yawancinmu mun tashi muna bin layin famfo tun asuba, ko muna jiran ɗan garuwa. Saboda haka duk wanda ya zo mana da zancen ci gaba, wajibi ne mu tambaye shi: da ruwan wa?

Mu dubi Arlit, a arewacin Nijar. Tun 1971 aka fara haƙo yuraniyom a can, aka yi ta kai shi Faransa domin samar da lantarki. Ana tace ma'adinin da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda ya taru tun zamanin da Sahara take samun damina, kuma abin da aka zuƙe ba ya dawowa da wuri. Yanzu ga manyan gidajen kwamfutoci sun ƙara wa duniya yunwar lantarki, su ma da yawansu da ruwa ake sanyaya su.

A 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe mahaƙar daga hannun kamfanin Faransa. Amma sauyin mai dukiya kaɗai ba ya ƙara ko guga ɗaya a rijiyar makiyayi. Mu da za mu riƙe ofisoshi gobe, kada mu sa hannu a kwangilar da ba a lissafa ruwanta ba.